Wa Ya Ba Ku Izinin Tace Jinin Zage-zagi?

Wata tambaya ta shigo Birnin Zariya wadda ba mu gada ba, kuma tun daga farko ina so a san matsayina a kanta: tambaya ce ta sharri. "Kai Bahaushe ne zalla, ko kuwa Bafulatani ne?" Da farko a waya kawai ake jin ta, cikin saƙonnin murya na WhatsApp da gajerun bidiyon TikTok, daga bakin mutanen da akasarinsu ko Ƙofar Doka ba su taɓa takawa ba. Yanzu ta sauko daga waya ta zauna a teburin mai shayi, ta shiga majalisun samari daga Babban Dodo har Kwarbai, tana neman leƙa zaurukan karatu. Yaron da ba zai iya kawo sunan kakan kakansa ba, shi ne yau ya miƙe ƙafa yana raba mutanen gari gida biyu, wai waɗannan 'yan ƙasa ne, waɗancan baƙi ne da suka zo suka ƙwace.

Na ga inda maganar take kaiwa a bakin kasuwar birni. Wata dattijuwa mai tallan fura da nono ta sauke ƙwaryarta, ta ɗaga faifai, tana cikin dama wa wani fura, sai ga samari biyu a kan babur. Na bayan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Ku daina saye, da kuɗinku ake sayen harsashi." Matar ba ta ɗago kai ba. Ta gama damu, ta miƙa, ta karɓi kuɗinta ta ƙulle a bakin zane, hannunta yana rawa. Na ce da yaron, "Kai, ka san ta ne? Me ta yi maka?" Sai ya ce, "Baba, ai duk su ne." Suka ja babur suka wuce.

Ai duk su ne. Da wannan kalma ake halatta jinin mutum a ƙasar nan, kuma duk wanda ya furta ta ya riga ya yi rabin aikin mai wuƙa.

Kada wani ya ce ban san zafin da mutane ke ciki ba. Na sani. 'Yan bindiga sun tayar da ƙauyuka a ƙasar Giwa da Birnin Gwari, sun hana noma, sun sa mutane sun sayar da gona da gida don biyan kuɗin fansa. A watan Yuni na 2021 sun shiga har cikin Kwalejin Nuhu Bamalli da dare, suka kashe ɗalibi, suka tafi da malamai da ɗalibai. Kuma ba zan yi wa kowa ƙarya ba, da yawa daga cikin masu riƙe da bindigar nan a daji Fulani ne, su ma ba su ɓoye ba. To amma mai laifi yana da suna. Bello Turji suna ne. Dogo Giɗe suna ne. Ado Aleru suna ne. Mai kai musu fetur da burodi da ƙwaya yana da suna, mai tsegunta musu wanda ya sayar da masara jiya yana da suna, kuma sau da yawa a cikin gari yake kwana, Hausarsa ta fi tawa. Wanda ya shigo da bindigar ta kan iyaka yana da suna, jami'in da ya kau da kai ya karɓi rabonsa shi ma haka. Ranar da ka bar waɗannan sunaye ka ce "Fulani", ka yi wa kowannensu sutura. Ka ɗauke laifin daga kan mutum ɗari ka shafa wa miliyoyi, ciki har da makiyayin da aka fara kore wa shanu tun kafin ɓarayin su san hanyar gari, da tsohuwar da ta tako daga ruga da ƙwarya a ka don ta sami na cefane. Kuɗin goro ba shari'a ba ce, kuma babu addinin da muke bi da ya yarda a kama wani da laifin wani.

Sa'an nan, a Zariya ake son a yi wannan tacewar? A Zariya?

Bari mu buɗe tarihin tunda shi suke jingina da shi. Gaskiya ne, a farkon ƙarni na 19 Malam Musa ya shigo da tutar Shehu Usmanu ya ci birnin nan, Sarki Makau ya fita da jama'arsa ya nufi kudu wajen Zuba. An kashe Makau a wajen Lapai a 1825, ƙanensa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, garin da muke kira Suleja yau bayan da babban birnin tarayya ya ɗauki sunan. Har gobe sarkin can Sarkin Zazzau ake ce masa. Yaƙi ne aka yi, an zubar da jini, wasu sun rasa mulki wasu sun samu, babu mai musun wannan. Abin da masu waya ba sa gaya wa yaranmu shi ne abin da ya biyo baya cikin shekara fiye da 200. Waɗanda suka ci garin, garin ya cinye su. Sun tarar da sarautun Madaki da Galadima da Wambai da Iya, suka riƙe su. Sun tarar da harshe, ya zama nasu, har aka kai ga a fadar Zazzau da Hausa ake gaisuwa, da Hausa ake shari'a, da Hausa ake kirari. Sun auri matan gari, sun sa ɗaka daga kowace kusurwa ta ƙasar Zazzau, 'ya'yan waɗannan mata kuma suka gāji sarauta kamar kowa, domin shari'a ba ta rage wa ɗa matsayi saboda asalin uwarsa. Wane ma'auni za ka kawo ka auna jinin jikan jikan waɗannan mutane?

Dubi sunayen gidajen sarautar ma kawai: Mallawa, Barebari, Katsinawa, Sulluɓawa. Gidan da ya fito da Yamusa da Kwasau da Ja'afaru Ɗan Isiyaku, Fulani ne da suka zo ta Barno, amma Barebari kowa ke ce musu, alhali Bafulatani da Babarbare abokan wasa ne. Gidan marigayi Shehu Idris, wanda ya yi sarauta daga 1975 zuwa 2020, da sunan Katsina ake kiransa. Tun a bakin fada ke nan laƙabin ya harɗe. Aliyu Ɗan Sidi, Bamalle, wanda Turawa suka naɗa a 1903 daga baya suka tuɓe shi suka kai shi Lakwaja, yana cikin manyan mawallafan waƙoƙin Hausa da aka taɓa yi, har yau ana nazarinsa a jami'o'i. Ku gaya mini, za ku cire shi daga adabin Hausa ne saboda kakansa? In kun cire shi, da wa za ku cike gurbin?

Sauko daga fada ka shiga cikin talakawa, abin ya fi haka cakuɗewa. Wajen 1950 wata Baturiya, Mary Smith, matar M. G. Smith da ya rubuta littafin mulkin Zazzau, ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Giwa ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta. Littafin nan, Baba of Karo, ya fito a 1954, kuma duniya ta karanta shi a matsayin hoton rayuwar 'ya mace Bahausa. To ita Baba da bakinta ta ce kakanninta daga Barno suka zo. Asibitin da ke Ƙofar Gayan, inda matan birni ke zuwa awo da haihuwa, sunan wa yake ɗauke da shi? Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933, mahaifinta mutumin Gana ne da aikin jirgin ƙasa ya kawo shi, mahaifiyarta Banufiya. Matar nan ta sha duka, ta sha ɗauri sau tari a kan 'yancin talakan Arewa da 'yancin mata su yi zaɓe, a ƙarƙashin NEPU, jam'iyyar da jagoranta Malam Aminu Kano shi kansa Bafulatani ne, kuma babu wanda ya kai shi tsaya wa sarakuna a wuya. In aka bi ma'aunin 'yan zalla, Gambo baƙuwa ce, Malam Aminu kuma abokin gaba ne. Wanda ma'auninsa ya kai shi nan, ma'aunin ya kamata ya jefar.

Ka fita bayan ganuwa kaɗan ka je Wusasa, inda 'yan mishan na Likita Mila suka koma a 1929 bayan sun yi shekaru a cikin birni. Can za ka tarar da Hausawa da Fulani Kiristoci, iyaye da kakanni. Dakta R. A. B. Dikko, likitan farko da Arewa ta samu, daga cikinsu yake. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, Bahaushe ne Kirista. A wace ƙwarya za a zuba su? Mutumin Legas ya ce duk Bahaushe Musulmi ne, mu ma a nan mu ce wanda ba Musulmi ba ai ba cikakken Bahaushe ba ne, su kuma suna nan da ransu suna ƙaryata mu duka.

Hausanci, tun fil azal, ƙofa ce a buɗe. Banufe ya zo da saƙa da ɗinki, Babarbare ya zo da allo, Buzu ya zo da raƙumi, Bayarabe ya zo da fatauci, bayan jika ɗaya ko biyu duk sun zama 'yan gari, sai dai a tuna asali wajen barkwanci a yi dariya. Wannan buɗaɗɗiyar ƙofa ita ta kai harshen nan Kumasi da Agadas da Kartum. Masu cewa suna kishin Hausa ta hanyar rufe ta, su ne manyan masu cutar Hausa.

Wa ya fara daskarar da waɗannan sunaye har suka zama kamar an sassaƙa a dutse? Turawan mulki suna da babban kaso. Sun zo da aƙidarsu ta fifikon launi, suka dubi masu sarauta suka ce waɗannan wani jinsi ne daban, mai hasken fata, wanda aka halitta don mulki, sauran kuwa suka tara su ƙarƙashin kalmar "Haɓe" a cikin rahotanninsu. Gwamna Lugga ya rubuta irin wannan ra'ayi ƙarara. Ba don son Fulani suka yi ba, don sauƙin karɓar haraji ne. Da jirgin ƙasa ya iso, sai suka yanka garin kansa bisa laƙabi: birni na 'yan gari, Tudun Wada na baƙin da suka fito daga sauran Arewa, Sabon Gari na mutanen Kudu, su kuma can gefe a unguwarsu. Mutanen da kasuwa za ta haɗa su su saba, aka shata musu iyaka. Daga baya 'yan siyasa da jaridun Kudu suka yayata "Hausa-Fulani", wani buhu da ake cusa kowa a ciki, har da Tafawa Ɓalewa da asalin mahaifinsa Bagere ne, da Abacha da asalinsa Babarbare ne. Wanda ya ce wannan laƙabi na ragwanci ne, yana shafe ƙananan al'ummu, yana kuma ɓoye bambancin da ke tsakanin mai rawani da mai fartanya, ina tare da shi ɗari bisa ɗari. Amma maganin laƙabin ƙarya ɗaya ba shi ne a ƙera guda biyu masu kaifi ba.

A nan garin marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya ƙarar da rayuwarsa, har ya rasu a 2005, yana nuna wa ɗalibai da hujjoji cewa al'ummun ƙasar nan ba daga sama suka faɗo a ƙulle cikin jaka ba, tarihi ne ya gina su, ƙaura da aure da ciniki da yaƙi suka yi ta narka su suna sake zubawa. Shi ɗan gidan sarautar Katsina ne, kuma bai taɓa raga wa sarauta ba. Abin kunya ne a ce garin da ya yi wannan koyarwa, garin da ake yi wa kirari da ilimi, yau 'ya'yansa suna ɗaukar darasin tarihi daga bakin wanda ko shafi goma bai karanta ba. Har alƙaluma suke kawowa, wai Hausawa kashi kaza ne Fulani kashi kaza. Daga ina? Ƙidayar 1991 da ta 2006 ba su tambayi kowa ƙabilarsa ba. Duk wanda ya kawo maka lissafi, daga aljihunsa ya ciro.

Yanzu bari in juyo kanmu, domin laifi tudu ne. Mu da muke jin zafi in an kira mu "aboki" a Legas da sigar raini, mu nawa ne muka tsarkake bakinmu? Shekara da shekaru muna kiran mutanen kudancin masarautar nan "arna" da "ƙabilu", kamar mu ba ƙabila ba ne. Mun laƙaba musu sunayen da ba su zaɓa ba, Kataf, Kaje, Kadara, Jaba, Gwari, har sai da suka tashi suka ce sunayenmu Atyap, Bajju, Adara, Ham, Gbagyi, kuma har yanzu wasunmu suna jin nauyin faɗa, kamar an rage musu wani abu. In mutum ya yi wauta mu ce ya yi gwaranci. Kuma bayan waɗannan sunaye akwai tarihi mai ɗaci da ba ma son a taɓo: Zazzau ta yi ƙaurin suna wajen kai hare-haren kamun bayi a kudancinta, an cika rumada da rinji da mutanen da aka raba da iyayensu. Jikokinsu suna cikinmu, Musulmi ne, Hausawa ne, wasu malamai ne, amma har yau in maganar aure ta taso sai ka ji wata gwaggo ta rage murya ta ce, "A dai bincika asali." Na san yarinyar da aka fasa aurenta bayan an kai kayan sa rana, lefe yana hanya, don kawai wani ya raɗa cewa kakan kakanta dimajo ne. Yaron yana so, yarinyar ta yi saukar Alƙur'ani, ba a same ta da aibin komai ba. Aka aika a karɓo kaya, uwar ta kwanta ciwo. Haka ake yi wa 'ya'yan mahauta da wanzamai da makaɗa a wasu gidaje. Waɗanda suka aikata wannan suna sahun gaba a masallaci, sun kuma san abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa a Hajjin Bankwana game da fifikon wani jinsi a kan wani. Sun sani, suka take.

Mun kuma ga abin da laƙabi ke haifarwa in ya nuna. A 1992 rikici ya tashi a Zangon Kataf a kan mayar da kasuwa wani wuri, a watan Mayu ya zama kisan kiyashi, wutar ta tsallako Kaduna da Zariya. Mutanen da aka kashe a nan, da yawansu ba su taɓa ganin kasuwar da ake faɗa a kanta ba. An tambaye su suna ne, ko an dubi shigarsu, aka yanke hukunci. Can an kashe Bahaushe don Bahaushe ne, nan an kashe wani don ba Bahaushe ba ne, kowane ɓangare kuma yana cewa ai duk su ne.

Wanda ya manta 1992, bai isa ya manta 2025 ba. A watan Maris, a Uromi ta Jihar Edo, aka tare mafarauta 'yan Jihar Kano da ke hanyar komawa gida yin Sallah, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16, aka cinna musu wuta. A watan Yuni kuma abin ya faɗo a kanmu. Mutanenmu na Basawa, maza da mata da yara, suka shiga motar Jami'ar Ahmadu Bello za su ɗaurin aure a ƙaramar hukumar Qua'an Pan ta Jihar Filato. A Mangun, cikin ƙaramar hukumar Mangu, gungun mutane suka far musu, suka kashe aƙalla 12, suka ƙone motar. 'Yan biki ne, da goro da kayan ɗaurin aure. Ina tambayar 'yan zalla: a cikin masu jifa da sara a ranar nan, akwai wanda ya tsaya ya tambaya wane ne Bahaushe tsantsa, wane ne mai jinin Fulani, don ya ware? Hula suka gani, suka ji harshe, suka ce ai duk su ne. Mun yi kuka, mun yi Allah wadai, mun ce zalunci ne a kashe mutum don kamanninsa, kuma gaskiya muka faɗa. To da wane baki za mu dawo gida mu yi wa mai tallan nono irin abin da aka yi wa 'yan Basawa? Hankalin da ya kashe su shi ne hankalin yaron kan babur, bambancin kawai shi bai riƙe ashana ba tukuna. A Ruwanda ma da rediyo aka fara, da katin shaida da Turawan Beljiyam suka rubuta wa kowa ƙabilarsa a kai, kafin 1994 ta zo.

Ku tambayi kanku wa ke cin ribar wannan rabuwa. Famfunan unguwanni da yawa a birnin nan a bushe suke, 'yan garuwa ne ke shayar da mu, kuma jarkar ruwa kuɗinta ɗaya ne ko kai jikan Makau ne ko jikan Malam Musa. Ajin firamare da yara suka cika shi har bakin ƙofa a zaune a ƙasa, ba ya tambayar asali. Taki ya gagari manomi ko wane ne kakansa. Waɗanda suka ci kuɗin ruwan da na makarantar da na tsaron, akwai Bahaushe a cikinsu, akwai Bafulatani, akwai Bajju, akwai Bayarabe, suna aurar wa juna 'ya'ya a Abuja, ba a taɓa jin sun tambayi juna asali wajen rabon kwangila ba. Babu abin da ya fi yi musu daɗi kamar su ga talakawa sun shagala da tone-tonen kaburburan shekara 200, musamman in zaɓe ya matso. Kowace sa'a da saurayi ya ɓata yana zagin Ɗanfodiyo ko yana zagin Haɓe, sa'a ce da bai tambayi kansila da ɗan majalisa ina aka kai kuɗin mazaɓa ba.

Ba na cewa a rufe tarihi. A buɗe shi gaba ɗaya, a faɗi abin da jihadi ya gyara da abin da waɗanda suka gāje shi suka ɓata, a faɗi zaluncin sarakunan da suka gabace shi, a faɗi cinikin bayi, a faɗi harajin da hakimai suka tatsa wa Turawa. Wanda yake da ƙorafi a kan yadda ake rabon sarauta ko muƙami, ya kawo shi fili da hujja da sunan wanda ya yi. Wanda yake alfahari da Hausancinsa ko Fulatancinsa ya yi, ya koya wa 'ya'yansa harshe, ya raya al'ada, babu mai hana shi. Abin da ba za mu lamunta ba shi ne a mayar da asali takardar tuhuma.

Kiran nawa ga limaman birni ne, daga Masallacin Juma'a na ƙofar fada har na lunguna: ku hau mumbari ku kira wannan abu da sunansa na shari'a, ƙabilanci ne irin na jahiliyya, ko daga bakin wa ya fito. Malaman zaure, ku tsawata wa almajiranku. Fada da masu unguwanni, ku daina yin kamar ba ku ji ba, ku kira masu yaɗa saƙonnin nan a unguwanninku ku zaunar da su tun abin yana na baki. Malaman tarihi na Samaru da Kongo, ku fito daga ɗakin lacca ku shiga rediyo ku yi wa mutane bayani da Hausa. Iyaye mata, ku bar fasa auren 'ya'yanku a kan abin da ya faru kafin a haifi kakanninku. Kai kuma mai karatu, in saƙon nan ya shigo wayarka kada ka tura shi gaba, kuma in yaro ya ce "ai duk su ne" a gabanka, ko ɗan wa ye shi, ka tsayar da shi ka ce ya kawo suna.